Yadda na gyara kaɗawar tirela a bayan Hilux

Wata uku ina jan ƙaramar tirela da Hilux ɗina, ina ɗauko masara daga Saminaka zuwa Dawanau. Da zarar na wuce gudun kilomita 70, sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, sitiyari na rawa a hannuna. Ran da tanka ta wuce ni, sai da na ga bakin kwalta.

Na zargi tayoyi, na daidaita iska wajen bakaniza. Na sauya shokozoba. Kuɗi ya tafi, kaɗawa na nan.

Wani dattijon direba ne ya leƙa lodin, ya ce, "Yaro, ka tara kaya a gindi." Gaskiyarsa. Don sauƙin saukewa nake jibge buhuna can baya.

Muka sauke duka 12, kowanne kilo 100. Bakwai muka jera a gaban aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin tirelar, biyar a kansa da ɗan bayansa, a kwance ba a tsibe ba. Muka sa wuyan tirelar, wato ƙarfen gabanta da ake ɗaurawa a mota, kan sikelin awon hatsi, a tsayin maɗaurin mota: kilo 190. Tirela da kaya kilo 1,600 ne, kuma abin da ake so wuyan ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Na tamke buhunan da igiya kada su zame baya, na gicciya sarƙoƙi biyun da ke haɗa tirela da mota a ƙarƙashin wuyan.

Dattijon ya ƙara da cewa in ta sake kaɗawa kada in danna birki da ƙarfi, in ɗaga ƙafa daga totur in riƙe sitiyari sak.

Sawu huɗu ke nan ko gezau. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Baba da alheri.