Yadda ake warware kod ɗin loda taswirar wasa ba tare da an ɓata shi ba

Wani ɗan wasan kwamfuta na kamun kifin Argungu nake haɗawa a nan Birnin Kebbi, ina zana taswirorinsa da Tiled, manhajar kyauta da Thorbjørn Lindeijer ya ƙirƙira. Ɓangaren da ke loda taswira cikin manhajata ta tsara wasan, da layi 30 na kod ya fara. Kafin in ankara ya haura layi 400 a dunƙule ɗaya: shi ke buɗe fayil, shi ke karanta XML (tsarin rubutun da fayil ɗin taswirar ke ciki), shi ke ɗauko hotuna, shi ke zanawa. Ka taɓa nan, can ya tsinke, sai ka ce homar da ta cukurkuɗe. Ga yadda na warware shi.

Da farko, kada ka gyara komai tukuna. Adana aikinka a Git (manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod) yadda yake, da duk muninsa. Sannan ka tara taswirorin gwaji huɗu ko biyar masu hali daban-daban wajen yadda aka adana bayanansu: wata an adana ta da CSV, wata da base64 zalla, wata an matse ta da zlib ko gzip, wata kuma mai tayil (ƙananan hotunan da ake jerawa su zama taswira) da aka juya. Sa tsohon kod ɗin ya loda kowacce, ya zubo maka faɗi, tsawo da lambobin tayil cikin fayil na rubutu. Wannan shi ne ma'auninka. Duk canjin da ka yi, sake lodawa ka kwatanta. In ko lamba ɗaya ta bambanta, koma baya. Aikin nan sauya tsari ne, ba sauya sakamako ba, don haka in ka ci karo da tsohon kuskure, rubuta shi a gefe ka bar shi sai an gama.

Sai rarrabawa. Duk wanda ya san shinkafa ya san casa daban, bakace daban, girki daban. Nan ma kashi uku ne: mai karanta fayil, mai fassara lambobi, mai zane. Tsakaninsu ka sa wani tsari mai sauƙi da ke riƙe faɗin taswira, girman tayil, jerin shimfiɗu (hawa-hawan zanen taswira) da jerin faifan tayil (tarin tayil da taswira ke ɗiba daga ciki), bai san XML ba, bai san hoto ba. Mai karatu ya cika shi, mai zane ya ɗiba daga ciki. In ka ga mai karatu yana kiran OpenGL ko SDL, wato kayan zane a allo, to da sauran aiki.

Daga nan ka ciro warware bayanan shimfiɗa ya zama aiki guda mai zaman kansa: a ba shi rubutu da irin matsewar, ya mayar da jerin lambobi. Kowane tayil bait 4 ne, ƙaramin bait ne a gaba. Taswirata ta Matan Fada tayil 40 ce sau 30, wato 1,200, ke nan dole a samu bait 4,800 bayan an warware. In bai kai ba, a tsaya a faɗa, kada a ci gaba da kame-kame.

Inda nake so ka nutsu shi ne lambar GID, wato lambar da ke nuna wane tayil ne a kowane gurbi na taswira, don nan ne na sha wuya. Sifili na nufin gurbin babu komai. Kowane faifan tayil yana da firstgid nasa, wato lambar GID ta tayil ɗinsa na farko. A wajena faifan ruwa da gaɓa yana da tayil 64, ya fara daga 1. Na masunta, gora da kwale-kwale ya fara daga 65. Idan aka ga 70, sai a nemi faifan da firstgid ɗinsa ya fi girma amma bai wuce 70 ba, a cire 65, saura 5. Tayil na shida ke nan, tunda ƙirga daga sifili take farawa.

To ranar da na juya kwale-kwalen ya fuskanci yamma, manhajar ta kife nan take. Ashe 70 ta koma 2,147,483,718. Tiled na ɓoye alamar juyi ne a bit huɗu na ƙololuwa: na 32 juyin dama da hagu, na 31 sama da ƙasa, na 30 a karkace, na 29 na taswira mai kusurwa shida. Lissafin nan a wuri uku na kwafa shi, kuma biyu sun manta da alamun. Yanzu wuri ɗaya yake: a karanta alamun, a share su da 0x0FFFFFFF, sannan a nemi faifai. Ka kuma riƙe lambar a ma'ajin da ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, in ba haka ba za ta kife ta koma ƙasa.

Hanyar fayil ma tana da tarko. Hoton da ke cikin fayil ɗin TSX, wato fayil ɗin faifan tayil, daga inda TSX ɗin yake ake lissafa hanyarsa, ba daga inda taswira take ba. Ba wa aiki ɗaya wannan nauyin.

Saƙon kuskure kuwa ya faɗi sunan fayil da shimfiɗa. "An kasa lodawa" kawai ba ya amfanar kowa da tsakar dare.

Kowane mataki ka gama, gwada, ka adana a Git kafin ka matsa. Sau biyu ana ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, batirin kwamfutar kuma ya tsufa. Da ƙanena ya aiko min taswirar da ya adana a JSON, wani tsarin fayil daban da XML, sabon mai karatu kawai na rubuta tsakanin Magariba da Isha, ban taɓa ko layi ɗaya na mai zane ba.