Yadda na gyara rawar agogon firosesa

Bugun agogon firosesa ya ƙi tsayawa kan lokaci, sai rawa yake. Da na ɗora osiloskof (na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki a allo) a ƙafar da ke ba PLL (da'irar da ke samar da bugun agogon) wuta, sai ga hayaniyar regileta mai kunna-kashe (na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta) tana shigowa.

Matatar hayaniyar wurin ferait ce (ɗan ƙulli mai tare hayaniyar manyan mitoci) da kafasitar seramik (mai ajiye cajin lantarki) kawai. A ƙananan mitoci ferait kamar naɗin waya yake aiki, shi da kafasitar sai su kumbura hayaniyar maimakon su rage ta. Nan ne matsalar take. Na ƙara kafasita mai 10 µF (maikrofarad, ma'aunin girman kafasita) jere da rizista (mai rage gudun lantarki) mai om 1 zuwa layin ƙasa, ta danne kumburin. Kafasita mai 0.1 µF kuwa na matso da ita dab da ƙafar, hanyarta gajera. Rawar ta kwanta.