Farautar sauyin gado mai tuƙa ciwon daji ta taswirar alaƙa

A ƙari guda za ka tarar da sauye-sauyen ƙwayoyin gado da yawa, amma galibinsu fasinjoji ne da ba su da hannu a ciwon, direbobin da ke tuƙa shi kaɗan ne. Irin su ƙwayar gadon TP53, mai yawan samun sauyi, ƙidaya kaɗai ta isa ta fallasa su. Wanda ya bayyana a majiyyata biyu cikin ɗari kuwa, sai an duba da wa yake hulɗa.

Fara da sauko da fayil ɗin MAF, wato jerin sauye-sauyen da aka gano a ƙari, daga rumbun bayanan daji na cBioPortal ko GDC. Kundin TCGA na bayanan ƙwayoyin gadon masu daji, wanda ke cikinsu, yana da nau'in daji 33, na mama kaɗai ya haura majiyyata 1,000. Ɗalibin da ke Samaru ya sauko da shi sau ɗaya ya adana, don intanet ba ta da alƙawari.

Sai tankaɗe. Cire sauye-sauyen da ba su taɓa furotin ba, ka ware ƙarin da sauyi ya yi wa ambaliya saboda lalacewar POLE, ƙwayar gadon da ke gyara kuskure wajen kwafar DNA. Yi hattara da ƙwayar gadon TTN: tsawonsa ne ke tara masa sauyi, shi ya sa manhajar tantance direbobi ta MutSigCV ke lissafi da tsawo. Kar ka buɗe jerin a Excel, yana mai da sunan ƙwayar gado irin SEPT2 kwanan wata.

In samfurin daga majiyyatan asibitin Shika ne, a karanta ƙwayoyin gadon jinin mutum tare da na ƙarinsa. Rumbunan bayanai na duniya ba su wadatu da 'yan Afirka ba, don haka abin da mutum ya gada daga iyaye sai ya yi kama da sabon sauyi. Wannan kuskuren babu lissafin da ke gyara shi gaba ɗaya daga baya.

Yanzu ɗauko taswirar hulɗar furotin daga rumbun STRING, ka riƙe alaƙar da makin tabbacinta ya kai 0.7. Manhajar HotNet2 ta 2015 tana ba kowace ƙwaya zafi daidai yawan sauyinta, zafin ya ratsa maƙwabta, sai ta fito da rukunonin da suka ɗumama tare.

Matsalar ita ce ƙwayoyin da aka fi bincika sun fi kowa maƙwabta, zafi yakan taru a kansu ko ba dalili. Maganinta a hargitsa taswirar aƙalla sau 100, kowace ƙwaya na riƙe da adadin alaƙarta, a ga ko rukunin zai sake fitowa. In ya fito, sa'a ce kawai.

Rukunin da ya tsira, zana shi a manhajar Cytoscape, gwada shi da jerin COSMIC na sanannun ƙwayoyin gadon daji, sannan ka maimaita da wata taswirar, ta BioGRID. Sunan da ya tsaya a taswira biyu shi ake kai wa ɗakin gwaji.