Yadda na shawo kan kyanwarmu mai hana barci

Wata biyu kyanwarmu tana hana mu barci. Ƙarfe 3 na dare sai ka ji ta haye labule, ta yagi tabarma, ta kifar da kwanuka. Maigida har ya ce a kai ta ƙauye.

Da na lura, ashe yini take tana barci, don tun da muka koma gidan sama ko ƙadangare ba ta gani. Ga shi kyanwa mafarauciya ce, kuzarinta na tashi da magariba da asuba.

Sai na ɗaure gashin kaza a bakin zare, na liƙa a sanda. Bayan isha'i nakan yi minti 15 ina jan sa a ƙasa kamar ɓera na gudu, in bari ta cafke jefi-jefi, don in ba ta kamawa sai ta watsar da wasan. Tana gajiya in ba ta abinci. Ta ci, ta lashe jiki, ta kwanta.

Na kuma huda kwali na zuba guntun busasshen kifi, da rana tana ta zaƙulowa. Zaren kuwa ɓoye shi nake, kada ta haɗiye ya naɗe mata hanji.

Yau kwana 10, ba kwanon da ya faɗi.