Yadda ake rubuta aji a Python: misali da manoman shinkafa

Wanda ya taɓa ganin ana buga bulo ya riga ya san rabin abin. Akwatin ƙarfen da ake zuba siminti a ciki ɗaya ne, bulo kuwa ɗaruruwa. A Python, harshen da ake rubuta manhajar kwamfuta da shi, akwatin shi ne aji, wato `class`, kowane bulo kuma abu ne da aka fitar daga cikinsa.

A ce mai sayen shanshera a Argungu yana son lissafin buhunan da kowane manomi ya kawo:

```
class Manomi:
    def __init__(self, suna, gari):
        self.suna = suna
        self.gari = gari
        self.buhuna = 0

    def kawo(self, adadi):
        self.buhuna += adadi

m1 = Manomi("Bello", "Argungu")
m1.kawo(12)
print(m1.buhuna)
```

Zai buga 12. A nan `Manomi` shi ne akwatin, `m1` kuma bulon da aka fitar. Sunan aji a fara shi da babban baƙi, a rufe layin da ɗigo biyu, duk abin da ke ƙarƙashinsa a tura shi ciki da tazara huɗu. Shi `__init__`, wato sashen da ke sa wa manomi bayanansa na farko, ba ka kiransa da kanka, Python ce ke tayar da shi duk sadda aka ƙirƙiri sabon manomi. Kula, ƙaramin layi biyu ne gaba, biyu baya. In ka sa ɗaiɗai, za ta ce maka `Manomi() takes no arguments`.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne `self`. Ma'anarsa "wannan manomin da ake magana a kansa". Sadda ka rubuta `m1.kawo(12)`, Python na cusa `m1` a gurbin farko ba tare da ka gani ba. Shi ya sa in ka manta `self` a cikin `kawo`, sai ta yi ƙorafin cewa gurbi ɗaya ka tanada amma an ba ta biyu. Haka in ka rubuta `buhuna = 0` babu `self.` a farkonsa, lambar ta ɓace da zarar `__init__` ya gama, daga baya ka ci karo da `AttributeError`, wato ƙorafin cewa manomin ba shi da `buhuna`.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan sharri, don shi ko ƙorafi ba ya jawowa. Ka rubuta `bashi = []`, wato jerin da babu komai a ciki, kai tsaye a ƙarƙashin layin `class`, to duk manoman jeri ɗaya suke rabawa. Ka sa wa Bello bashin taki da `append`, umarnin ƙara abu a jeri, sai ka tarar da shi a kan manomin Yawuri da bai karɓi komai ba. Mayar da shi cikin `__init__` a matsayin `self.bashi = []`, kowa ya samu nasa.