Babi na Huɗu: Yadda Malamin Ajin Manya Zai Tsara Darasin Gobe

Malam, Malama, sannu da ƙoƙari. Sami littafin rubutu guda, ka ware shi don wannan aiki kaɗai. Buɗe shafin farko. A layin sama, daga hagu, rubuta kwanan wata, sunan aji, da tsawon darasi, misali minti 40.

Darasi na 1: Manufa

Tsallake layi ɗaya, rubuta "Manufa", ka ja layi a ƙasanta. Nan za ka faɗi abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa ko bakinsa kafin a tashi. Ɗalibi fa, ba kai ba.

"Zan koyar da baƙaƙe" ba manufa ba ce. Ga manufa: "Kafin a tashi, ɗalibai za su bambance k da ƙ, su rubuta kafa da ƙafa, kasa da ƙasa." Ka gani? Abu ne da za ka iya dubawa a littafin kowa.

Yanzu rubuta taka. Karanta ta da ƙarfi. Wa ke aikin a ciki? In kai ne, soke ta, sake. Ba komai, a hankali ake iyawa. Sake karantawa. Ta fara da "Zan"? Soke. Ta ce "za su fahimta"? Soke wannan ma, ba a ganin fahimta da ido. Ce "za su rubuta", "za su karanta", "za su ƙirga". Manufa ɗaya tak, kada ka jero biyar.

Haba Malam! Magidanci ya rufe shagonsa, uwargida ta sauke tukunya, sun zo sun zauna a benci, kai kuma sai a gaban allo kake laluben abin faɗa? Tun ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 babba ba ya jure ɓata lokaci. Ba zai yi maka musu ba, gobe dai ba za ka gan shi ba. Koma ka duba manufar nan.

Darasi na 2: Kayan aiki da matakai

Alli, allo, da katunan kwali masu manyan baƙaƙe, saboda masu raunin ido. Fara da bitar jiya. Nuna, ku yi tare, su yi su kaɗai. Wanda ya saba da ajami zai so farawa daga dama, sa masa ɗigo a hagu.

Darasi na 3: Auna fahimta

Yi musu shifta, kalma huɗu. Zagaya ka duba.

Darasi na 4: Aikin gida

A ba su kaɗan.