Yadda Ake Gane Tsohon Maɓallin Soja da Ƙiyasta Shekarunsa

A Legas ba abin mamaki ba ne mai haƙan tushen gini ko ɗan gwangwan ya tsinci tsohon maɓallin tagulla mai kambin sarauta, musamman a wajejen Obalende, Yaba da Apapa, inda barikoki da tashar jiragen ruwa suka daɗe. Tun 1863 John Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa a wannan birni, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya, don haka maɓallin da aka tsinta yana iya zama na kakan wani daga cikinmu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake hanzarin goge shi har ya yi ƙyalli, alhali gogewar ce take cinye rubutun da zai bayyana shekarunsa.

Saboda haka a fara da tsaftacewa cikin haƙuri. A bar maɓallin ya bushe, sannan a kaɗe ƙasar da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a bi lungunan zanen da tsinken sakace. Kada a sa masa lemon tsami, ko toka, ko man goge tagulla, domin ƙasar Legas mai damshi da gishiri ta riga ta raunana ƙarfen, kuma koren da ya lulluɓe shi sau da yawa shi ne yake riƙe da ragowar zanen.

Daga nan a duba kambin, domin shi ne ya fi saurin nuna zamani. Na Sarauniya Biktoriya, wanda aka yi amfani da shi har 1901, yana da kafaɗu masu faɗi da ɗan lotsawa a tsakiya. Daga 1902 zuwa 1952 an koma ga kambin sarakuna maza, wanda samansa yake a dunƙule kamar an kifa ƙwarya. Daga 1953, zamanin Sarauniya Elizabet ta Biyu, kambi mai lotsawa a tsakiya ya dawo, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, su ɗauki maɓallin shekarun 1950 a matsayin na ƙarni na 19. Abin da yake raba gardama shi ne ƙarfen: idan ba shi da nauyi a hannu, kuma yana ƙyalli ba tare da tsatsa ba, to alminiyam ne, wanda bai shiga kakin sojan Birtaniya ba sai a shekarun 1950.

Zanen fuskar yana ƙara taƙaita lokacin. Bishiyar kwakwar manja ita ce alamar rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya fara haɗawa a 1897. Idan harufan da ke tare da bishiyar WAFF ne, wato gajeren sunan rundunar da Turanci, an yi maɓallin kafin 1928. Idan kuwa RWAFF ne, to daga 1928 ne zuwa 1960, domin a 1928 aka ƙara wa rundunar laƙabin sarauta, a 1960 kuma ta watse. Irin wannan ne dakarunmu da suka je yaƙin ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu suka sani. Maɓallin da ke ɗauke da zaki da doki mai ƙaho ɗaya suna riƙe da garkuwa shi ne na gama-gari da sojan Birtaniya ya fito da shi a 1871, kuma an buga shi da yawan gaske, don haka kambinsa da bayansa ne kaɗai za su nuna zamaninsa. Anga da igiya alamar sojan ruwa ce, mikiya da tauraro kuwa ta sojan Najeriya ce bayan mulkin kai. Sai dai a kiyaye, kambi kaɗai ba ya tabbatar da cewa na soja ne, domin 'yan sanda da ma'aikatan kwastan da na gidan yari su ma sun sa maɓallai masu kambi a zamanin Turawa.

Bayan maɓallin, wanda galibi ba a kulawa da shi, a ganina ya fi fuskar amfani. A haska shi da tocila daga gefe, a ɗauki hotonsa da waya a ƙara girmansa, za a ga sunan maƙerin a zagaye da kunnen da ake maƙala maɓallin a riga da shi. Sunayen da aka fi gani su ne Firmin da Jennens na Landan, da J.R. Gaunt da Smith & Wright da Buttons Ltd na Birmingham. Kamfanin Buttons Ltd ya kafu ne a 1907, don haka duk abin da ke ɗauke da sunansa bai girmi wannan shekara ba, Jennens kuwa ya narke cikin Gaunt a 1924. A kuma lura da kunnen: idan akwai ƙaramin zobe maƙale da shi, alama ce ta kakin ƙasashen zafi, wanda ake cire maɓallansa kafin wanki. Girman ma yana da faɗa, domin mai faɗin kusan milimita 25 na gaban riga ne, ƙananan kuwa na aljihu ne ko na hula.

Idan an haɗa waɗannan shaidu, abin da za a samu tazarar shekaru ce, kamar 1928 zuwa 1952, domin ana ci gaba da raba tsohon kaya daga sito shekaru bayan sarauta ta sauya. A rubuta tazarar da wurin da aka tsince shi a takarda, a ajiye su tare a busasshen wuri. Kada a yi haƙa a bariki ko maƙabarta, kuma wanda ya samu abin da ya fi ƙarfin saninsa ya kai shi gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a duba masa, tun da doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba.